Yahudanci addini ne ko al'umma? Amsa a kan Yahudawan da ke ƙin Sahayoniyanci

"Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wata zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa a birnin New York, sai ga wasu mutane cikin baƙaƙen riguna da manyan huluna, gashi ya zubo ta gefen kunnuwansu, suna riƙe da tutar Falasɗinu da kwalayen da ke cewa Yahudanci daban, Sahayoniyanci daban. Ni tun tasowata na ɗauka Bayahude da ɗan Sahayoniya da ɗan Isra'ila duk abu ɗaya ne. Waɗannan mutane da gaske suke, ko wata dabara ce? Kuma shi Yahudancin addini ne, ko ƙabila, ko ƙasa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta farko amsarta a kusa take: da gaske suke, kuma hujjarsu ta girmi ƙasar Isra'ila nesa ba kusa ba. Ta biyun ce mai dogon zango. Abin da kake son sani shi ne, idan mutum ya ce shi Bayahude ne, me ya faɗa game da kansa? Addininsa ya ambata, ko tsatson da ya fito, ko tutar da yake ƙarƙashinta? Su kansu Yahudawan sun haura shekara 200 suna ja-in-ja a kan wannan, kuma har gobe ba su daina ba. Falsafar siyasa nake koyarwa, kuma duk shekara idan muka iso babin ƙasa da al'umma sai na kawo wannan misali, domin a nan ake ganin ɗinkin ƙasar zamani a fili, inda zare ya kama da inda ya saki.

Sai mun fara gyara kalma. Kishin ƙasa a bakinmu yabo ne, son inda aka haife ka da yi masa hidima. Abin da ya taso a Turai wajen ƙarshen ƙarni na 18 wani abu ne daban: aƙidar cewa 'yan Adam sun kasu al'umma-al'umma, kowace da harshenta da tarihinta, kuma haƙƙin kowace ne ta mallaki ƙasa da gwamnati tata ta kanta. Larabci ya raba su biyu, waɗaniyya da ƙaumiyya. Ƙaumiyya nake nufi a nan, kuma Sahayoniyanci shi ne ƙaumiyyar Yahudawa.

Kafin a tilasta musu zaɓi

Ɗaruruwan shekaru Yahudawa suna zaune a Bagadaza da Fas da Alƙahira da garuruwan Polan da Jamus a matsayin jama'a mai dattawanta da kotunanta da makarantunta, tana biyan haraji ga sarkin da ta tarar. Babu wanda ya tambaye su addini ne ku ko al'umma, don riga ɗaya ce. A shari'arsu, wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne ko da bai yi ibada ba, kuma bare yana iya shiga ta hanyar karɓar addinin. Ka ga akwai jini a ciki, akwai kuma imani. Suna da ƙa'idar zaman baƙunta: a littafin Irmiya an umarci waɗanda aka kai Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, kuma wani malaminsu na Babila a ƙarni na 3 ya kafa hukuncin cewa dokar masarauta doka ce. Suna rufe bikin Ƙetarewa da fatan "baɗi a Ƙudus", amma komawar aikin Allah ce a hannun Almasihun da suke jira, ba ta taro da ƙuri'a ba.

Juyin juya halin Faransa ne ya yaga rigar gida biyu. A Disambar 1789 wani ɗan majalisa, Clermont-Tonnerre, ya tashi yana goyon bayan a ba su 'yanci, amma da sharaɗi: a ba Yahudawa komai a matsayin ɗaiɗaikun mutane, a hana su komai a matsayin al'umma. A 1791 suka zama 'yan ƙasa. A 1806 Napoleon ya tara manyansu ya miƙa musu tambayoyi 12, ciki har da ko Bayahuden da aka haifa a Faransa yana ɗaukar ta ƙasarsa, kuma ko zai kare ta. Suka ce e. Cinikin ke nan: ka bar addininka a gida da wurin ibada, in ka fito titi kai Bafaranshe ne. Da yawa sun karɓa da zuciya ɗaya. A 1885 malaman ɓangaren masu sabunta addini a Amurka suka haɗu a Pittsburgh suka rubuta ƙarara cewa ba sa ɗaukar kansu al'umma kuma, jama'ar addini ce su, kuma ba sa jiran komawa Falasɗinu.

To amma an gudu ba a tsira ba. Ƙaumiyyar Turai ta juya zuwa maganar jini da launi, kuma wanda aka ƙi don jininsa, sauya tufa ko harshe ko ma addini ba zai fisshe shi ba. A daular Rasha, bayan kashe Sarki Alexander na II a 1881, aka afka wa unguwannin Yahudawa da kisa da wawaso. A Faransa kuwa, ranar 5 ga Janairun 1895, aka tsayar da Kyaftin Alfred Dreyfus a farfajiyar makarantar soja ta Paris, aka ciccire maɓallai da anini daga kakinsa, aka karya takobinsa gida biyu, yana ɗaga murya cewa bai ci amanar ƙasa ba, taron da ke bayan shinge na kiran a kashe shi. Daga baya ta tabbata ƙage aka yi masa. Cikin 'yan jaridar da suka ga abin akwai wakilin wata jaridar Vienna, Theodor Herzl. A 1896 ya fitar da ɗan littafinsa a kan ƙasar Yahudawa, a 1897 ya kira babban taron Sahayoniya na farko a Basel.

Ka lura da wani abu da ake yawan tsallakewa. A Munich aka so yin taron, sai malaman Yahudawan Jamus da shugabannin jama'ar garin suka ƙi, aka koma Basel. A cikin wannan shekarar ta 1897 kuma, a Vilna, ma'aikatan Yahudawa suka kafa ƙungiyar Bund, wadda ta yarda cewa su al'umma ce mai harshen Yiddish, amma ta ce inda muke nan ne ƙasarmu, a nan za mu yi gwagwarmaya tare da sauran talakawa. Masanin tarihi Simon Dubnow ya nemi a ba su ikon tafiyar da makarantunsu da al'adunsu a ƙasashen da suke, ba tare da iyaka ko soja ba. Har a cikin Sahayoniya ba a haɗu a kan wuri ba: a 1903 Birtaniya ta yi tayin wani yanki a Gabashin Afirka, wanda aka sani da shirin Yuganda ko da yake a Kenya ta yau yake, aka yi ta gardama har aka yi watsi da shi a 1905. Da aka zo alƙawarin Balfour a 1917, inda Birtaniya ta goyi bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, wanda ya fi kowa adawa da shi a majalisar ministocin Birtaniya shi ne Bayahude ɗaya tilo da ke cikinta, Edwin Montagu. Tsoronsa shi ne da zarar an ce gidan Yahudawa yana Falasɗinu, kowace ƙasa za ta dubi nata Yahudawan ta ce ku baƙi ne, ku tafi gidanku.

Mutanen da ka gani a bidiyo

Waɗanda ke fitowa da tutar Falasɗinu cikin wannan shiga galibi 'yan Neturei Karta ne, sunan da ke nufin masu tsaron birni, ƙungiyar da ta taso a Ƙudus tun kafin a kafa Isra'ila. Hujjarsu daga Talmud take, babban kundin fiƙihun Yahudawa, a wani wuri da ake kira rantsuwa uku: cewa Allah ya rantsar da Bani Isra'ila kada su koma ƙasar gungu guda da ƙarfi, kada su yi wa al'ummai tawaye, ya kuma rantsar da al'ummai kada su tsananta musu fiye da kima. A wurinsu gudun hijira hukuncin Allah ne, kuma wanda ya kafa ƙasa kafin Almasihu ya yi wa Allah shisshigi. Babban malamin Satmar, wata jama'ar masu tsananin riƙo da addini, wato Joel Teitelbaum, wanda ya tsira daga kisan 'yan Nazi ya zauna a New York, ya rubuta littafi guda a kan haka.

Sai dai kada ka ɗauki ƙwaya ka ce ita ce damin. Neturei Karta 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma har Satmar, waɗanda suka fi su yawa nesa, suna nisanta kansu da irin fitowarsu. Mafi yawan masu tsananin riƙo da addini a Isra'ila ba su ɗauki ƙasar abu mai tsarki ba, amma suna da jam'iyyu a majalisa, suna shiga gwamnati. Akwai kuma masu addinin da suka juya hujjar baki ɗaya. Abraham Isaac Kook, wanda ya rasu a 1935, ya koyar da cewa matasan da ke noma ƙasar, ko da ba sa ibada, kayan aiki ne a hannun Allah don fara fansa. Daga makarantar ɗansa ne ƙungiyar Gush Emunim ta fito a 1974, ta shiga gina matsugunai a Yammacin Kogin Jodan. Littattafai ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna. Tsakaninsu ga Yeshayahu Leibowitz, masanin kimiyya mai riƙo da addini da ya zauna a Ƙudus, wanda ya goyi bayan 'yancin Yahudawa daga mulkin wasu amma ya ce tsarkake ƙasa ko gwamnati bautar gunki ne, ya kuma yi gargaɗi tun bayan yaƙin 1967, wanda a cikinsa Isra'ila ta kame Yammacin Kogin Jodan, cewa mulkar wata al'umma da ƙarfi zai lalata mai mulkin.

Masu son ƙasar da ke tsoron gwamnatin

Waɗanda suka fi jan hankalina a matsayin mai nazarin falsafa su ne 'yan Sahayoniyan da suka ga matsalar daga ciki. Ahad Ha'am ya ziyarci Falasɗinu a 1891 ya koma ya rubuta wa mutanensa cewa su daina zaton ƙasar kango ce: da wuya ka sami gonar kirki da ba a nomawa, kuma ran da Larabawa suka ga ana ture su ba za su ba da wuri cikin sauƙi ba. Shi cibiyar ilimi da harshen Ibrananci yake so, ba lallai gwamnati ba. Martin Buber da Judah Magnes, shugaban farko na Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, sun nemi ƙasa ɗaya ta al'ummai biyu. Hans Kohn, wanda ya yi shekaru yana wa harkar aiki, ya ajiye muƙaminsa bayan tarzomar 1929 tsakanin Larabawa da Yahudawa a Falasɗinu, yana cewa sun yi shekara 12 ba su taɓa neman yardar mutanen ƙasar da gaske ba. Shi ne daga baya a Amurka ya shahara da raba ƙaumiyya gida biyu: mai dogaro da zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin doka ɗaya, da mai dogaro da jini da asali. Ɗalibaina kan haddace wannan rabon don jarrabawa, sai na gaya musu wanda ya shahara da shi daga wannan rikicin ya fito.

A ɗaya gefen akwai Jabotinsky, kakan aƙidar jam'iyyar Likud ta Isra'ila. A 1923 ya rubuta cewa babu wasu 'yan ƙasa a tarihi da suka taɓa yarda da masu zuwa su zauna musu a ƙasa da son ransu, don haka sai da katangar ƙarfe. Shi da Kohn abu ɗaya suka gani. Ɗaya ya ce tunda haka ne na fita, ɗaya ya ce tunda haka ne a yi da ƙarfi.

Ba hujja ce ta raba wannan gardama ba, kisa ne. A Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian don duba batun Yahudawan da ke gudun Hitler, kusan dukkansu suka tashi ba su ƙara buɗe ƙofa ba. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya ɗauko mutum sama da 900, Kyuba ta ƙi saukar da mafi yawansu, Amurka ta ƙi, ya koma Turai. A ƙarshen 1938 Bund ce ta lashe mafi yawan kujerun Yahudawa a majalisar birnin Warsaw. Cikin 'yan shekaru aka kashe masu zaɓenta. Dubnow, yana tsoho ɗan shekara 81, an kashe shi a Riga a 1941. Yahudawa kusan miliyan 6 suka tafi a kisan 'yan Nazi. Duk wanda zai soki Sahayoniyanci da adalci dole ya tsaya a nan ya daɗe, domin hujjar da ta fi ƙarfi a hannun 'yan Sahayoniya ita ce wannan: mun gwada zama 'yan ƙasar wasu, da wuta ta tashi babu wanda ya buɗe mana ƙofa.

Hannah Arendt, Bayahudiyar Jamus masaniyar falsafar siyasa, ta san wannan a jikinta, don ta yi shekara 18 ba ta da takardar wata ƙasa, daga 1933 zuwa 1951. Ita ce ta nuna cewa haƙƙin ɗan Adam da ake rubutawa a takarda ba ya aiki ga wanda babu gwamnatin da ke kiransa nata. Amma ita ɗin ce kuma ta rubuta cewa yadda aka warware matsalar Yahudawa bai kawar da matsalar marasa ƙasa ba, sabbi ya haifar. A yaƙin 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 aka kora ko suka gudu daga gidajensu, aka kuma hana su komawa.

Tambayar ta bi su har cikin gida

Kafa ƙasa bai kashe tambayarka ba, kotu ya kai ta. Dokar Komawa ta 1950 ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. To wane ne Bayahude? Oswald Rufeisen Bayahuden Polan ne da ya ɓoye asalinsa ya yi wa 'yan sandan Jamus tafinta a garin Mir, ya tsegunta wa Yahudawan garin ranar da za a kashe su har wasu ɗaruruwa suka tsere daji. Da asirinsa ya tonu ya ɓuya wurin wasu mata masu hidimar coci, ya karɓi Kiristanci, ya zama ɗan zuhudu mai suna Daniel. Ya zo Haifa cikin rigar coci ya ce addinina Kiristanci, al'ummata Yahudawa. A shari'ar addinin, ɗan Bayahudiya yana nan Bayahude ko ya yi ridda. Amma a 1962 kotun ƙoli, wadda ba ta addini ba ce, ta ce a'a, wanda ya shiga wani addini ya fita. Sai ta hanyar neman zama ɗan ƙasa irin ta baƙi ya samu.

A 1970 aka gyara dokar ta haɗa da 'ya'ya da jikoki da abokan aure. Sakamakon haka akwai mutane dubu ɗaruruwa, galibi daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da gwamnati ta karɓa saboda asalinsu, suna aikin soja, amma hukumar malamai ba ta ɗauke su Yahudawa ba, kuma da yake auren Yahudawa a hannun malaman yake, da yawa sai sun haye Saifurus su ɗaura. A 2013 kotun ƙoli ta ƙi buƙatar wasu 'yan ƙasa da suka nemi a rubuta musu "Ba'isra'ile" a gurbin al'umma a rajista. A 2018 majalisa, da ƙuri'a 62 a kan 55, ta kafa dokar cewa haƙƙin cin gashin kai na al'umma a ƙasar na Yahudawa ne kaɗai, alhali kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Larabawa ne. Har Duruz, wata ƙaramar jama'ar addini mai harshen Larabci, waɗanda 'ya'yansu ke aikin soja, suka cika dandali a Tel Aviv suna zanga-zanga.

A aji nakan tambayi ɗalibai wa aka taɓa hana takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma a garin da aka haife shi. Ba a rasa hannu biyu ko uku. Wata shekara wata ɗaliba ta ce a garin aka haifi mahaifinta ma, amma aka tura ta neman takarda a wani ƙauye da ba ta taɓa kwana ba. Ba na cewa wannan daidai yake da halin Falasɗinawa, tazarar tana da yawa. Amma daga nan suke gane ƙullin: ƙasa ta waɗanda ke zaune cikinta ce, ko ta waɗanda suka haɗa asali ko da suna nesa? Musulmi ma sun sha wannan gardama. A 1938 Iqbal da Maulana Husain Ahmad Madani sun yi musayar raddi a Indiya kan ko ƙasa ce ke haɗa al'umma ko addini.

Inda ni na tsaya

Masu kare tsarin suna da magana. Yael Tamir, ɗalibar masanin falsafa Isaiah Berlin, ta yi hujjar cewa mutum yana buƙatar wurin da harshensa da bukukuwansa suke na fili, kuma ana iya haɗa wannan da 'yancin kowa. Sukan ƙara da cewa Jamus da Girka da Armeniya ma suna sauƙaƙa wa 'yan asalinsu na waje zama 'yan ƙasa. Na yarda al'ummar da aka yi wa abin da aka yi wa Yahudawa tana da haƙƙin mafaka. Inda hujjar ta tsaya mini shi ne ba ta amsa wa mutumin da aka haifi kakansa a garin Yafa na Falasɗinu dalilin da zai sa ɗan New York da bai taɓa taka ƙasar ba ya fi shi haƙƙin shiga. Ba ta kuma amsa wa Falasɗinawa kusan miliyan 3 na Yammacin Kogin Jodan, waɗanda tun 1967 suke ƙarƙashin ikon sojan gwamnatin da ba su da ƙuri'a a cikinta. Wahalar da ka sha tana ba ka haƙƙi a kan wanda ya zalunce ka da wanda ya rufe maka ƙofa, ba ta ba ka haƙƙi a kan gonar na uku ba.

Iyakata a nan ita ce fagena falsafar siyasa ne. Zan iya auna maka hujja da hujja, amma wane ɓangare ne ya fi dacewa da addinin Yahudawa, wannan hukuncin masu addinin ne, kuma rubuce-rubucen Ibrananci da Yiddish ta fassara na karanta su.

Game da yawansu kuwa, Yahudawan duniya sun kai miliyan 15 da wani abu, kusan rabi a Isra'ila, mafi yawan sauran a Amurka. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan takwas cikin goma na Yahudawan Amurka suna ɗaukar damuwa da Isra'ila wani ɓangare na Yahudancinsu, ko da yake shaƙuwar ta fi rauni a wurin matasa, kuma damuwa da ƙasar ba ita ce goyon bayan gwamnatinta ba. Matasan Yahudawa da ke cika irin zanga-zangar da ka gani galibi ba masu baƙaƙen riguna ba ne, kuma hujjarsu ta daidaiton 'yan ƙasa ce irin ta Kohn da Arendt. Masu hulunan da ke tsaye kusa da su kuwa ba ƙuri'a ko kundin tsarin mulki ya fito da su ba. Su Almasihu suke jira, kuma sun yi imani cewa in ya zo, shi zai mayar da su Ƙudus.